Takin Gali Ya Gangara

Gali ya tsoma masaki cikin tabki, ya ɗago shi cike da gansakuka, kore shar, mai kauri kamar miyar kuka. Wari ya doki hancinsa. Can gefe ƙananan kifaye sun juya ciki sama. Tun jiya mai gari ya sa aka yi shela cewa kowane magidanci ya fito a kwashe ƙazantar nan, don mata sun ce ko an tace ruwan ba ya shawuwa. Maza kuwa sun yi ƙaranci, kwamandan Nasara ya ɗebe samari aikin hanyar Madawa.

Ba wanda ya ce wa Gali uffan, wannan ne ma ya fi ci masa rai. Kowa a garin ya san daga inda abin ya gangaro.

Da mahaifinsu ya rasu, Gali, da yake shi ne babba, ya zaɓi gonar tudu mai faɗi, ya bar wa ƙanensa Hama 'yar ta bakin tabki. Amma kowane rani Yero Bafulatani a gonar Hama yake sauke shanunsa, su kwana su zuba taki, shi kuma ya karɓi gero. Da kaka sai rumbun Hama ya cika har baka. Gali kan canza hanya don kada ya ga rumbun nan. Hassada ce, ba wani suna gare ta ba, ta kuma hana shi jin daɗin tuwon gidansa.

Ranin da ya wuce ya yi ta bin Yero da goro da daɗin baki har ya janye shi, ya haɗa da wasu garke biyu. Matsala ɗaya, jerin duwatsun da mahaifinsu ya gicciya a gonar sun hana shanu sakewa. Gali ya kwashe su tas.

"Yaya, Baba bai jera duwatsun ga don ado ba," in ji Hama a lokacin.

"Baƙin ciki kaka yi," Gali ya ce. "Kai ɗai ka iya cin arziki?"

Taki ya taru har ƙafa na nutsewa. Ruwan farko ya zo da ƙarfinsa, bai sami abin da zai tare shi ba, ya share gonar ya zuba a korama, korama ta kai tabki. Geron Gali ya fito a rame. Da damina ta ɗauke, ruwa ya kwanta, rana ta dafa shi, sai tabki ya rufe da kore.

Da hantsi, ana cikin kwasar gansakukar, Yero ya iso tabki da shanunsa. Suka sunkuya, suka shinshina, suka ja da baya suna kaɗa kai. Yero ya daɗe dogare da sandarsa.

"Gali, dabba ba ta ƙarya," ya ce. "Sun ƙiya. Bana wajen Buza za mu tahi."

"Har gonar Hama ba ka sauka?"

"Su sha mi?"

Wani sanyi ya ratsa zuciyar Gali, ya ji kunyarsa, amma sanyin bai tafi ba. In shi ya rasa, to Hama ma ya rasa. Har ya soma kwasar gansakuka da ƙarfinsa.

Tsibin da aka tara a bakin ruwa ya kai ƙugu. Mai gari ya zo ya duba, ya toshe hanci da bakin rawani.

"In anka bar shi nan, ruwan baɗi shi maishe shi ciki. Ina za a kai shi?"

"A zuba gonata, ranka shi daɗe," in ji Hama. "Ita ta hi kusa, kuma duwatsu na riƙe shi."

Tsoho Zali, wanda ya fi kowa daɗewa yana noman bakin tabki, ya damƙi gansakukar ya murza a tafin hannu, ya yi dariya da haƙoransa biyu.

"Kai yaro, ka tsinci dami a kala! Wanga in ya ruɓe, wane kashin shanu!"

Gali ya tsaya da masaki a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarsa. Goronsa ne wannan, da geron da ya ba makiyaya, da bayansa da ya yi ciwo wajen ɗaukar duwatsu. Ya so ya ce nasa ne, a kai tudu. Amma in ya faɗa a gaban mai gari, ya amsa da bakinsa ke nan cewa shi ya ɓata wa gari ruwa.

Aka cika kwando, aka aza wa Gali a ka. Koren ruwa na bin wuyansa, ya tsallake jerin duwatsun Hama, ya tsaya tsakiyar gona. Hama ya iso bayansa da nasa kwandon, ba ko alamar gatse a fuskarsa.

"Sannu, Yaya. Zuba can gaba kaɗan, can ƙasa ta hi rama."

Gali ya matsa gaba kaɗan, ya zuba.