Ciwon da Mai Keke Ta Ɓoye

Ina cikin goge matakalar ofishin da nake shara wayata ta yi ƙara. Wata ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce matar da aka kawo da safe ta ba da lambata, in zo. Na tambaye ta ko jikin ne ya tsananta. Ta ce in dai zo. Na bar bokitin a kan hanya, sai a cikin mota na lura safar roba tana hannuna.

Mai Keke muke ce mata, don tun da ta kama ɗakin da ke jikin nawa, ƙarar keken ɗinkinta ke tashina. Ta baro gidan miji da akwati da 'yarta Ƙarama. Magana tana kotu. An ce su zauna a rabe zuwa wani lokaci, sannan alƙali ya duba wanda ya fi dacewa da riƙon yarinyar. Kafin nan uban, wani makaniki, zai ɗauke ta ran Asabar ya maido ta ran Lahadi. A ƙofata ake miƙawa da karɓa, don su biyun in suka haɗu sai duk layin ya ji.

Ciwon da jiri ya fara, sai rama. Na ce mu tafi asibiti, ta ƙi. Wai a layin kotu wata mata ta ba ta labarin wadda aka kwantar a asibiti, aka ƙwace mata 'ya'ya. Har yau ban san ko gaskiya ba ne, amma maganar ta zauna mata.

"Yaya, in na hau gadon asibiti, da wane baki zan ce ina iya riƙon yaro? Bari a yi zaman nan tukuna."

Zaman kuwa sai ɗagewa yake. Yau alƙali ya yi tafiya, gobe lauya bai zo ba. Ita kuma tana tsuke rigunanta da kanta don kada a ga sun yi mata yawa. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce zan faɗa wa mijin. Ta ce in na faɗa, ko a lahira kada in gaishe ta. Muka yi dariya, sannan na koma ɗakina na kasa zama.

Ran Asabar, da ta ji babur ɗinsa, sai ta rarrafa kan keke ta dinga takawa, ba zare ba yadi, don dai ya ji tana aiki. Yakan saurara ya taɓe baki, ya ce har yanzu ba ta daina damun mutane ba. Yana juyawa ƙarar ke tsayawa. In shiga in same ta ta kifa kai a kan keken, gumi ya jiƙa mata wuya.

A asibiti aka tambaye ni ko ni wace ce tata. Na ce maƙwabciya. Suka ce ba za a ba da gawarta ba sai miji ya zo, tunda ba a raba auren ba. Ya zo da baƙin mai a hannu. Da aka buɗe masa fuskarta ya daɗe a tsaye, sannan ya tambaye ni tun yaushe take ciwo. Na gaya masa komai, har da keken.

"Ni fa Asabar da Lahadin nan kawai nake tsoron a hana ni," in ji shi. "Lauya ne ya ce in nemi duka, don a bar mini kaɗan."

Ban san wa zan zaga ba.

Ya tafi da Ƙarama, ba wanda ya nemi jin ta bakina. Bayan kwanaki sai ga shi da sassafe, yarinyar a bayansa, kanta duk ya cukurkuɗe. Ya ce ta hana kowa taɓawa, wai sai ni, Gwaggo. Na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna na taje, shi yana tsaye yana kallon ƙasa.

Yanzu kullum kafin in tafi aiki nakan fito da kujera bakin ƙofa, da mataji da kwalbar man kai. Wata rana babur ya shigo layin, wata rana shiru. Nakan zauna har sai motar aiki ta kusa barina, sannan in mayar da kujerar ciki.