Kifin Babbar Rana

Sau ɗaya tak yayana Torgeir ya taɓa kama kifin salmon a kogin Namsen, kuma tun daga ranar kunnuwanmu ba su huta ba. Sauran mazan garinmu in sun kama sai su ci su manta. Shi kuwa naɗe nasa ya yi da leda, ya kwantar da shi can ƙasan firiza, ya ce kada wanda ya kuskura ya taɓa sai babbar rana.

Matarsa Gunvor ta zauna jiran babbar rana. Ranar tunawa da aurensu ta zo, ya ce ai wannan kowace shekara sai ta dawo. 'Yarsu Oda ta gama jami'a, ya ce 'ya'yan wasu ma sun gama. Da aka sallamo Gunvor daga asibiti bayan an yi mata aiki, da kunnena na ji ta ce romon kifi take marmari. Gogan naka ya tafi kanti ya sayo mata na kiwo, wanda shi da bakinsa yake cewa ko kyanwa ba zai ba ta ba. Daga nan ta daina tambaya. Ni kuwa shirun nan nata ya fi ba ni tsoro fiye da faɗa.

Kifin dai yana kwance, amma a bakin Torgeir bai daina girma ba. Da farko tsawon hannu ne. Shekaru suna tafiya har ya kai masa ƙugu.

Wata Talata Gunvor ta kira ni a waya.

"Sigrun, in kin tashi aiki ki biyo. Ɗan abu mai sauƙi zan yi mana."

Na same ta a kicin tana 'yar waƙarta, dankali yana tafasa. Ta barbaɗa wa wani kifi gishiri, ta ɗora bota, ta matsa lemon tsami. Ko rabin tiren bai cika ba, gefensa duk ya yi fari ya bushe don daɗewa a ƙanƙara.

"Gunvor, ba dai shi ba ne?"

"Shi ne," ta ce, ta tura shi cikin obin don ya gasu. "Yanka mana kokwamba."

Da la'asar Torgeir ya shigo. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya ajiye su daf da manyan akwatuna biyu, bai ko lura da su ba. Haka yake, abin da bai da ƙaya da jela ba ya ganinsa. Ya zauna ya cika faranti, ya kai loma, ya tauna, ya yatsine fuska.

"Kin ji ko, Sigrun? Kifin kiwo ke nan, kamar kana tauna kwali. Wallahi wanda bai ci na kogi ba bai san kifi ba. Ranar da za ku ɗanɗani nawa na firiza, sai kun lashe yatsu."

"Shi kake ci, Baban Oda," in ji Gunvor.

Na sunkuyar da kai a kan dankalina don kada dariya ta ƙwace mini. Ya dubi tiren, ya dube ta, ya sake duban tiren kamar yana neman sauran kifin.

"Kifina? Na ce sai babbar rana! Yau fa Talata ce, Gunvor, Talata!"

"Ai ta zo," ta ce tana goge baki a hankali. "Na kama ɗaki a birnin Trondheim, kusa da Oda. Sigrun za ta kai ni tashar bas."

Sai a lokacin na san da ni aka shirya tafiyar. Dariyar ta koma mini ciki, don duk shirmensa ɗan'uwana ne, kuma tausayinsa ya kama ni.

Gunvor ta miƙe ta ɗauki rigar sanyinta. Torgeir ma ya miƙe. Na zuba masa ido ina roƙon Allah ya sa ya ce ta zauna, ko ya ce ya yi kuskure. Amma mu a gidanmu da abu ɗaya aka raine mu, ba a tashi daga tebur sai an yi wa mai girki godiya. Shi kaɗai ya zo masa baki.

"An gode da abinci," ya ce.

"Ba komai," in ji Gunvor daga bakin ƙofa. "Ragowar ka mayar firiza."