Gwajin Tashi Daga Kujera

Autanmu likita ne, yana neman ƙwarewa a kan lafiyar tsofaffi. Rabin mako yana asibiti yana duba marasa lafiya, rabi yana ɗakin bincike. Ni kuwa yayarsa, mako cur ina gida da Mama, kuma har yau ba wanda ya ba ni takardar shaida.

Binciken nasa a kan faɗuwar tsofaffi ne. Wai idan ka sa tsoho ya tashi daga kujera, ya taka zuwa bango, ya dawo ya zauna, za ka gane ko yana dab da faɗuwa. Na ce masa, "Sannu da ƙoƙari, malam mai bincike. Wannan ai ko ni na sani."

Wata Asabar ya zo, ya ga Mama tana dafa bango za ta banɗaki. Sai ya jawo kujera tsakiyar falo. Don kada ta tsorata, ya ce, "Mama, ɗan taimaka min da aikin makaranta." Ta miƙe da ƙyar, ta je, ta dawo tana haki, shi yana kallon agogon wayarsa. Na ga fuskarsa ta canza, ya yi maza ya gyara ta.

"Na ci?" in ji Mama.

"Kin yi ƙoƙari, Mama. Mako mai zuwa ma sake."

A bakin ƙofa ya ja ni gefe: a naɗe kafet, a sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, kada ta taka ko ina ba sanda. Duk na yi. Abin da ni da shi ba mu sani ba, Mama ta ɗauka makinsa a ƙafafunta yake. Matar da ta raka karatunsa tun daga firamare, a ce mata "kin yi ƙoƙari"? Ai ta san faɗuwa ce aka yi wa kwalliya.

Da makon ya zagayo bai zo ba, marasa lafiya sun yi yawa. Na gaba kuma yana gabatar da bincike gaban malamansa. Ashe duk shigata kicin, Mama sai ta ajiye sanda ta hau gwaji ita kaɗai. Nakan ji ana jan kujera, in ce matsawa take wajen taga ta sha iska.

Ina wanke-wanke na ji ƙarar. Na same ta a ƙasa tsakanin kujera da bango, ƙafa ɗaya ta karkace. Ƙashin ƙugu ne ya karye.

A sashen asibitin da Auta yake aiki aka kwantar da ita bayan tiyata. Wallahi na tanadi maganganu, har da na zagi. Na tare shi a baranda da farar rigarsa, amma abin da ya fito bakina shi ne, "Auta, za ta sake takawa?"

"Yaya, na karanta da yawa a kan wannan," ya ce. "Da ma ban karanta ba."

Da Mama ta farfaɗo, shi ta fara nema. Ya durƙusa a gefen gadon.

"Na kusa iyawa fa," ta ce a hankali. "Har na daina dafa hannun kujera. Ka gaya wa malamanka laifina ne, kada su rage maka maki."

Ya kifa fuska a zanin gadon, ya fashe da kuka. Ni da na zo da faɗa, zuciyata ce ta karye, na rasa wa zan fara rarrashi.

Ta shafa kansa. "Haba, likita guda da kuka? Bari in ɗan huta, sai ka kawo kujerar."

"To, Mama," ya ce.