Igiyar da Ta Gagari Kwamanda Haybe

Shekarar da Janar ɗinmu da Janar na tsallaken iyaka suka haɗa kai, garinmu ya koma kamar tasha. Yau sojoji, gobe 'yan tawayen da ke son a yi zaɓe, jibi 'yan a-ware da tutarsu mai karkataccen ɗinki. Duk wanda ya zo sai ya sha mana shayi, sannan ya kwashi samari.

Warfa, ɗan maƙwabciyata Dahabo, ya gudo daga sojan Janar da kunne ɗaya a toshe. Ya rantse shi da bindiga har abada, raƙuma zai kiwata. Aka aura masa Idil, wadda tun kafin yaƙi suke haɗuwa a bayan rijiya, amma ba a bakina kuka ji ba.

Ranar kwance hedo, wato akushin biki, muna tsakar guɗa, sai ga Haybe, kwamandan 'yan a-ware kuma ƙanen uban ango, da mayaƙansa cike da mota. Ya ce sabuwar ƙasa na bukatar wanda ya iya harba babbar bindiga, Warfa ya taso. Dahabo ta sulale ta zauna a ƙasa.

Ni na ɗaure hedon nan. Akushi ne na soyayyen nama da man shanu da dabino, na yafa masa farin zane da 'yan kunne kamar amarya, na nannaɗe shi da igiya na ɓoye bakinta. Mazan dangin ango ke kwancewa, wanda ya kasa kuma mata su hukunta shi.

Na ce, "Haybe ɗana, kai ne babba a dangin ango. Za ku tafi ku bar hedo a ɗaure, a ce gidanku ba maza?"

Mayaƙansa suka tuntsire da dariya. Ya jingine bindiga ya durƙusa. Ya ja nan, na tsula masa tsumagiya a hannu, na ce ya taɓa amarya inda bai dace ba. Wani cikinsu ya miƙo wuƙa, Haybe ya tambaye shi ko a gidansu yanka amare ake yi. Muka sa Haybe rawa da ƙafa ɗaya. Muka sa shi kukan raƙumar da aka ɗauke wa ɗa, har Dahabo ta samu ƙarfin tashi. Idon kowa na kan kwamanda, ta janye ango da amarya ta bayan shinge, inda motar gawayi ke shirin tafiya makiyayar kawunnan Idil.

Can na lura yatsan Haybe yana hawa kan bakin igiyar, ya tsaya kaɗan, ya wuce. Ya sunkuyo kamar mai duba ƙulli.

"Inna, sun yi nisa? Gwiwata fa ta mutu da durƙuso."

Na ce masa motar gawayi ba ta sauri, ya ƙara zagaya hedon. Ya yi tsaki, ya miƙo hannu, na sake tsula masa tsumagiya.