Tabarmar da Kawu Bawa Ya Saƙa wa Mota

A shekarar 1955 Lukuman ya karɓi tuƙin babbar motar wani attajiri a Gwandu. Aikinsa bin kasuwanni da 'yan tireda da kayansu, yau Dalijan, gobe Ceberu, wani lokaci har Kalgo. Inda kasuwa ta ci, nan yake yada zango, ya wuni a gindin mota rana na gasa shi kamar tsire. Da abin ya ishe shi sai ya ce zai nemi rumfar da za a ɗaura a jikin motar, a kafa mata sanduna biyu idan an tsaya, a naɗe ta idan za a tashi.

Maganar ta kai kunnen Kawu Bawa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Bawa masaƙin tabarma ne, yanar ido ta rufe masa gani, amma hannunsa bai manta kaba ba. Bai yi shawara da kowa ba. Ya sa aka kai shi wurin motar, ya auna tsawonta da kamu, ya koma zaurensa ya duƙufa. Rani guda ya ci yana saƙa, har yatsunsa suka tsattsage.

Kafin ya gama, Lukuman ya riga ya ga abin da ya sace masa zuciya a wani kanti a Birnin Kebbi: tamfol kore shar, mai kauri, da ramukan igiya zagaye da farin ƙarfe. Ya shafa, ya sansana, ya tuna tabarmar kawunsa. Tabarma tana da sanyin inuwa, iska na ratsa ta, amma idan ruwa ya sauko sai ta zama rariya, kuma damina ta kusa. Ya zaɓi tamfol, kuma a gaskiya babu mai hankalin da zai ce ya yi kuskure.

Kuskuren a baki ya zo. Ranar da Bawa ya miƙa masa tabarmar, fuskarsa cike da murna, Lukuman ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da ƙari, ya ce gobe-goben nan zai ɗaura. Kunya ta hana shi faɗin kalma ɗaya a kan tamfol. Ya jefa tabarmar a bayan mota, awakin fasinjoji suka yi ta tattaka ta suna cin gefenta, daga ƙarshe ya ba wata mai shanyar shinkafa a Kalgo don kada ya riƙa ganinta.

Shi kuwa tsoho ya samu abin hira. Duk wanda ya zauna a zaurensa sai ya ji labarin motar da ke yawo da saƙarsa kasuwa-kasuwa. Idan Lukuman ya zo gaisuwa, sai ya tambaye shi ko inuwar na isar mutane, ko bakin bai warware ba. Lukuman ya ce lafiya lau, ya ƙara da cewa har direbobin Jega suna tambayar wanda ya saƙa. Kowace gaisuwa sai ya ɗora sabuwar ƙarya a kan tsohuwa, ya fito yana jin haushin kansa, tuwo ma ba ya yi masa daɗi.

Ana nan sai Fatsuma, 'yar Bawa da ke aure a Kalgo, ta haihu. Tsoho ya ce ba zai hau jaki zuwa suna ba alhali ɗansa na da mota. Lukuman ya kawo rashin kyan hanya, ya kawo girgiza, Bawa ya ce ƙashinsa ne, ba na wani ba. Dole Lukuman ya sa shi a kujerar gaba, ya yi ta addu'a a zuci kada wani abu ya sa su tsaya.

Suna dab da Kalgo, a bakin wata fadama, taya ta fashe. Aka sauke kowa don a ɗaga motar, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Matan da ke da buhunan gari suka fara kiran a kafa rumfa. Bawa ma ya sa baki, yana dariya, ya ce yau dai zai zauna a ƙarƙashin aikin hannunsa.

Lukuman ya kwance tamfol. Ya dubi fasinjojin ɗaya bayan ɗaya, ya sa yatsa a baki. Yawancinsu mutanen Gwandu ne, sun sha jin hirar tsohon, nan take suka gane. Albarka mai sayar da gishiri ya kama hannun Bawa ya zaunar da shi a tsakiya, nesa da gefen da zai iya taɓawa. Kowa ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin.

Sai ruwa ya kece. A kan kaba ruwa shuu yake yi a hankali, sannan ya fara ɗiga. A kan tamfol kuwa sai ka ce ana kaɗa ganga. Ga warin kwalta da danshi ya tayar ya cika wurin. Lukuman na durƙushe gaban taya, ruwa na dukan bayansa, yana satar kallon kawunsa. Ya ga tsohon ya karkata kai yana saurare, ya ga murmushin ya tafi a hankali. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka, amma yau har da wanda bai ja ba.

Can Bawa ya gyara murya ya ce da mutane, "Kun gani ko? Ko ɗigo babu. Yaron ga ya san abin da ya dace da mota." Aka amsa masa da to, to, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Da ruwa ya tsagaita, fasinjoji suka koma hawa, Lukuman ya zo ya tsuguna a gabansa. Ya ce, "Kawu, ka gahwarta mini. Ba tabarmarka ta ba."

"Na jiya," in ji Bawa. "Idanu na ab babu, kunne na nan. Wagga ta hi tare ruwa, ka yi daidai da ka zaɓe ta. Tawa tana ina?"

Lukuman ya faɗa masa gaskiya, har da awakin. Ya so a ce tsohon ya zage shi, ko ya ɗaga sanda, da ya fi masa sauƙi. Bawa dai ya jinjina kai, ya ce shanyar shinkafa ma aiki ne. Sannan ya buɗe tafukansa a kan gwiwa, sababbin tsaga a yatsun, wasu da jini a bushe.

"Da ka hwaɗa mini tun da wuri, Lukuman," ya ce a hankali. "Da ka ce direbobin Jega na yabo, sai ni ce bari in yi maka ta ɗaya gehen. Jiya ni kai rabi."