Kunnen Hagu na Umma

Umma ta sunkuya a gefen dandamalin otal ɗin, ta ɗago igiyar da ke haɗa jita da sifika da yatsu biyu kamar wadda ta tsinci mushen ɓera. Bakin igiyar yana reto, bai shiga ko'ina ba. Amma kiɗa sai zuba yake daga sifika, mai jitar kuma yana ta karkaɗa kai yana lumshe ido.

"Ɗana, wannan da me kake kaɗa ta? Da addu'a?"

Masu cin abincin rana suka ɗago kai. Auta, ƙaramar 'yarta, ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Manaja ya taho da murmushin dole yana bayani: ai haka ake yi ko'ina yanzu, an naɗi kiɗan tun tuni, yaran rakiya kawai suke yi, baƙi ba sa son jin kuskure. Umma ta juya masa kunnenta na dama, wanda ya mutu shekara shida da suka wuce, ta bar shi yana ta zuba har ya gaji.

Na hagun kaɗai ya rage mata, shi ma gobe da safe za a yi masa tiyata. Likita bai ɓoye mata komai ba, ya ce ana iya dacewa, ana kuma iya rasa shi gaba ɗaya. An ce ta je asibiti ƙarfe shida na yamma a ba ta gado. Ita kuwa ta ce ba gadon da za ta hau sai ta ji kiɗa na gaske, wanda mutum ke yi da hannunsa a gabanta. Kafin ta yi aure shekara tara ta yi tana amshi a wata ƙungiyar makaɗa, abin da 'ya'yanta ke faɗa ƙasa-ƙasa sai ka ce zaman gidan yari ta yi.

Otal ɗin nan shi ne wuri na uku. Duk Auta ce ta zaɓo su a waya, kowanne da taurarinsa biyar na yabo da hotuna masu ƙyalli. Na farko sun tarar ya koma shagon sayar da katifa. Na biyu wani saurayi ne zaune gaban kwamfuta yana danne-danne, ya ce shi ne ƙungiyar duka.

Suna shiga tasin da suka yi shata, Yaya, babban ɗan Umma, ya kira karo na huɗu. Auta ta riƙe wayar nesa da kunne saboda faɗa. Wai mace mai shekara sittin da uku tana yawon gidajen rawa ana gobe za a yi mata aiki, in wani ya gan ta fa? Waƙar da take so ai tana cikin waya, a sa mata a ɗaki ta ji.

"Ki ce masa ya ɗauki hoton abinci ya ci ya ƙoshi," in ji Umma. Ta taɓa kafaɗar direba ta ce ya kai su kasuwa, layin masu gyaran kayan sauti.

Auta ba ta gane ba, amma ta gaji da musu. Suka kutsa cikin layin, janareta na ruri ta ko'ina, har wani ɗan ƙaramin shago cike da matattun sifikoki. Wani dattijo yana ciki, tabarau a kan hanci, yana liƙa waya da dalma. Bayan gaisuwa Umma ta tambaye shi abu ɗaya: a cikin masu saye a wurinsa, su wa suka fi tsinka tsirkiya?

Dattijon ya ajiye aikinsa ya dube ta da kyau, sannan ya fashe da dariya. Ya ce yau ga wadda ta san kan abin. Manyan otal-otal, in ji shi, rabonsu da sayen tsirkiya ko sandar ganga an fi shekara biyu, sai dai man goge jita don ta yi sheƙi. Amma akwai wasu a bayan tashar manyan motoci, a tsohon sito, waɗannan kam kowane mako sai sun zo, ko tsirkiya ta tsinke ko fatar ganga ta fashe. Asabar suke wasa, amma kullum ƙarfe biyar suna gwaji bayan sun tashi daga aiki.

Cunkoso ya riƙe su a hanya. Auta tana ta kallon agogo. Tsoro take ji, na tiyatar da na Yaya, da haushin uwar nan tata da ba ta jin magana. Biyar da rabi suka isa.

Sito ne kawai, kujerun roba jibge a kusurwa, fanka ɗaya tana juyi da ƙyar. Mutum biyar ne a ciki. Mai jita bai ko cire rigar kanikancinsa ba, mai ganga kuwa zufa ta jiƙa shi sharkaf. Suka ɗauko waƙa, suka yi nisa, sai ta watse musu. Suka tsaya suna zargin juna, suka sake daga farko. Umma ta tsaya a bakin ƙofa, fuskarta ta washe. Rabon Auta da ganin ta haka tun kafin rasuwar babansu.

Shugabansu, mai busa ƙaho, ya taho da ladabi. Ya ce su yi haƙuri, yau gwaji ne kawai, ba sa bari a shigo saboda abin bai nuna ba tukuna. Su dawo Asabar ƙarfe takwas, zai ajiye wa Mama kujera a gaba.

"Asabar ban san ko zan ji ku ba," in ji Umma. "Gobe za a buɗe kunnen. Ku ba ni ɗanyen haka nan."

Ba ta jira amsa ba. Ta zaro kujera ɗaya daga jibgin, ta ja ta ƙiii har gaban babbar sifika, ta zauna ta karkata ɓangaren hagu. Ta nuna mai ganga da yatsa ta ce sauri yake yi kamar ana bin sa bashi, shi ya sa suke watsewa, ya jira mai jita. Sauran suka kwashe da dariya, mai gangar ya sosa ƙeya ya ce wata uku ke nan ana gaya masa.

Auta ta durƙusa kusa da ita, ta kai baki ga kunnen. Ta tuna mata likita ya ce ta guji ƙara.

Umma ta ce, "Gobe kunnen nasa ne, ya yi yadda ya ga dama da shi. Yau nawa ne."

Mai ƙaho ya koma wurinsa ya ƙirga musu. Suka ɗauko waƙar, wannan karon mai ganga ya jira. Da aka zo wurin amshi babu mai yi, don ba su da mace a ƙungiyar. Umma ta saurari zagaye ɗaya, a na biyu ta shiga. Muryar ta dushe, tana rawa a sama, amma ba ta kauce ba.

Wayar Auta ta hau ruri a tafin hannunta. Shida saura minti biyar. Ta fita bakin ƙofa ta ɗaga, Yaya ya fara tun kafin ta yi sallama, yana tambayar ko sun isa asibitin.

"Ba mu isa ba, Yaya. Umma tana waƙa. In ta gama za mu taho."

Ta kashe wayar, ta koma ciki ta zaro kujera.