Faifan da Aka Wanke da Toka

Sila ya ɗaga faifan bidiyon sama, ya karkata shi wajen hasken da ke shigowa ta bakin rumfa, ya daɗe yana dubawa. Can sai ya yi ɗan fito, irin wanda makaniki kan yi in ya buɗe injin da ya sha yashi.

"Baiwar Allah, wa yay yi wagga ɓarna? Wanga ba karce ba na, noma anka yi mishi."

Tabawa ta sunkuyar da kai, ta kama bakin lulluɓinta tana murzawa. Tun da sassafe ta baro ƙauyensu na gefen Tabotaki a bayan motar 'yan kasuwa, an cusa ta tsakanin buhunan albasa da awaki, don an ce duk faɗin Madawa mutum ɗaya ya rage mai gyaran faifai. Sauran sun koma tura finafinai cikin salula. Shi ma Sila da haka yake ci yanzu. Injin gugarsa, wanda ya haɗa da hannunsa daga tsohuwar fanka, yana can lungu, yanar gizo-gizo ta yi masa rawani.

"Uwar mijina ta," in ji ta. "Da toka da rairai taw wanke shi."

"Awa tasa, kamar wankin kwano?"

"Awa tasa."

Ya so ya yi dariya, amma da ya dubi fuskarta sai dariyar ta koma ciki. Ya jawo mata benci.

"Kin gani, da karcen tsaye shike, daga tsakiya zuwa baki, da na'ura ta tsallake shi. To hoto zagaye shika tahiya cikin sede, faifan ga ke nan, ita kuwa tsohuwa zagayen tab bi da tokarta, sawu da sawu. Ba ni yi miki alkawari."

"Ka gwada, Malam Sila, don girman Allah. Akwai mutumin da za ya zo shi kalla bayan azahar. In bai gani yau ba, shi ke nan."

* * *

A ƙasar Adar, in an kai gero rumbu sai maza su bi hanya. Wannan ba labari ba ne, haka aka taso aka tarar. Mazan can, Allah ya shirye su, sun fi sanin hanyar Abijan da ta Aljeriya a kan hanyar gonakinsu. Wasu kan dawo da hadarin farko, da sabon rediyo da yadin atamfa. Wasu sai bayan damina uku. Wasu kuwa, irin Mahdi mijin Tabawa, sai su zama labari.

Ya tafi 'yarsu Nasiba ba ta fara rarrafe ba. Yau ga ta tana zuwa rijiya da tulu a ka. Shekarun farko yakan kira, yakan aiko da ɗan abin cefane. Daga nan kiran ya riƙa tazara, har lambar ta mutu. Hotunansa duk suna cikin salularsa, ta tafi tare da shi. Abin da ya rage mai ɗauke da fuskarsa a duniyar nan shi ne faifan sunan Nasiba, wanda wani mai bidiyo daga Buza ya ɗauka.

Tabawa ta zauna, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Ita ce noma, ita ce jidar duwatsu a ka tana jera su a gona don tare ruwan gangare, har faƙon da Mahdi ya bari ya koma ba da dawa. An ce mata tana iya kai ƙara a raba auren. Faɗa da baki! Mahdi ɗan wan ubanta ne. Wace ce za ta kai ƙarar ɗan'uwanta, ta dawo ta sha ruwan rijiya ɗaya da danginsa? Ranar da ta ɗan taɓa zancen, ubanta ko ɗago kai bai yi ba. "Haƙuri, ɗiyata. Nema yat tahi, ba yawo ba." Haƙuri kuwa an ce maganin zaman duniya ne, sai dai masu ba da maganin ba su ne ke shan ɗacinsa ba.

Ana nan sai labari ya iso ta bakin wata mai sayar da ƙuli a kasuwar Tabotaki. Ƙanenta Ɗanlami, mutumin Bangi, yana cikin waɗanda aka koro daga Aljeriya. Ya ce a wurin ginin da suka yi aiki wani ya faɗo daga bene, su suka yi masa sutura. Ba'adare kawai ake kiransa, amma ya taɓa cewa ya baro mata da ɗiya wajen Tabotaki. Da aka haɗa shi da Tabawa ta salula, Ɗanlami ya ce, "Suna ban sani ba, amma in na ga huska na gane." Liman kuma ya ce in Ɗanlami ya gani ya rantse, ta shiga takaba, ta fita, ta san matsayinta.

Abin kunya ne, amma gaskiya ce: Tabawa ba ta san wanne take roƙon Allah ba, a ce shi ne ko a ce ba shi ba ne. Ta dai gaji da rashin sani.

Inda ta yi kuskure shi ne wurin Dela, uwar mijinta. Tsohuwar ba ta yarda ko a mafarki a ambaci mutuwa kusa da ɗanta. Da ta ga Tabawa ta ciro faifan daga ƙarƙashin kwanukan jerenta, ta tambayi ina za a kai shi. Faifan kuwa dama yana ɗan sarƙewa kaɗan tun kallon da aka yi masa da Sallah a talabijin ɗin maƙwabta, sai Tabawa ta laɓe a nan.

"Dauɗa yay yi, Inna. Madawa za ni kai shi a wanke."

"Wanki har Madawa, ina raye?"

Tabawa ta ɗauka wasa ne. Da safe ta fito ta tarar da tsohuwa a bakin murhu, faifan a kan cinyarta, ta dangwalo toka da rairai tana dirzawa a hankali, tana zagayawa, da irin lallashin da ake yi wa jariri wanka. Ta ɗago tana murmushi, ta ce ai ko tasoshin aurenta ba ta taɓa yi wa irin wannan wankin ba. Tabawa ta karɓa, ta yi godiya. Me za ta ce? Bakinta ne ya jawo.

* * *

Sila ya jiƙa wata takardar guga mai laushi, ya shiga bin faifan da ita daga tsakiya zuwa baki, yana juyawa kaɗan-kaɗan. Farin ruwa kamar tsarin gero ya riƙa ɗiga daga yatsunsa. Ya ɗauraye, ya shafa man goge haƙori, ya murza da auduga. Sannan ya kakkaɓe injin fankar, ya ɗora faifan, ya ɗiga masa man ƙyallin mota. Injin ya ɗauki ƙugi.

"Abin da nika so ki sani," ya ce ba tare da ya juyo ba, "guga ba ta cike rami. Naman sede taka ci har shi sauko daidai da ramin. Kowace guga, ragewa shikai."

Ana fitowa daga azahar Ɗanlami ya iso. Siriri ne, leɓɓansa a tsattsage, da ƙaramar jaka a kafaɗa. Ya gaishe ta da ladabi, ya zauna a bakin benci kamar wanda aka kira shari'a.

Sila ya zura faifan cikin na'ura. Ta yi shiru, ta yi ƙugi, ta sake yin shiru. Sai ga kiɗan ƙwarya ya cika rumfar.

Mata ne cike da tsakar gida. Ga Dela da ƙarfinta tana rabon goro. Ga wata yarinya mai kumatu a bakin gado, hannuwanta ja wur da lalle, tana rufe baki tana dariya. Sai da Tabawa ta ɗan jima kafin ta yarda ita ce. Ta manta ta taɓa yin irin wannan dariyar.

Hoton ya koma ƙofar gida wurin maza. Wani dogo cikin shuɗiyar riga ya ba da baya, yana riƙe da ƙahon rago.

"Ga shi nan," ta ce. "Uban Nasiba."

Ɗanlami ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. A cikin faifan wani ya ƙwala kira, "Angon ƙarni, juyo mana!" Mai shuɗiyar riga ya fara juyowa. Kunne ya bayyana, sai gefen kunci. Daga nan hoton ya tarwatse, ya koma ƙananan dabbare-dabbare masu launi, ya daskare. Kiɗan ya sarƙe a wuri ɗaya yana ta maimaita kansa.

Aka mayar baya, aka sake. Nan dai ya tsaya. Aka tsallaka gaba, babu komai sai duhu.

"Ramin nan ya yi zurhi," in ji Sila. "Shawarata, ki bari in kwashe abin da munka samu in sa miki cikin salula. Abin na son lokaci, amma ko banza ɗiyarki ta samu na kallo."

Daga tasha aka jiyo ɗan kamasho yana kiran fasinjan Tawa da Agadas. Ɗanlami ya gyara jakarsa.

"Motata ta, yaya. Na riga na yanki tikiti."

Tabawa ta dubi daskararren kuncin nan. Kaɗan ya rage, bai fi faɗin yatsa ba, fuskar ta juyo. Shekarun da ta yi tana jira duk sun taru a wannan ɗan faɗin.

"Ƙara gugawa."

"Baiwar Allah, in naman ya ƙare..."

"Na ji. Ƙara."

Sila ya girgiza kai, ya mayar da faifan kan injin, ya danna audugar daidai wurin ramin. Da ya ciro shi, sai sheƙi yake kamar yau aka saye shi, babu ko tabo ɗaya. Ya zura a na'ura. Ta yi ƙugi, ta yi ƙugi, ta turo shi waje. Ya hura masa iska, ya sake zurawa. Ta sake turo shi. Ba fuska, ba shuɗiyar riga, ba yarinya mai lalle, har kiɗan ƙwaryar ya tafi.

Tabawa ta juya wajen Ɗanlami.

"Ai ka ga tsawonshi. Ka ga ƙeya, ka ga kunne."

"Na gani. Wallahi ya yi kama." Ya sunkuyar da kai. "Amma yaya, rabin mazan Adar haka suke ta baya. Ba a rantsuwa bisa ƙeya. In na sa matar mai rai takaba, mi za ni ce ma Allah?"

Ba ta ga laifinsa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da akwai wanda za ta zaga, da ta ji sanyi.

"Kai kuma can za ka koma? Inda anka koro ka?"

"In zamna in ci mi?"

"Kana da iyali?"

"Mata guda, da ɗiya biyu."

Sai ta ce, "Kahin ka shiga mota, ka tsaya wurin mai hoto. Na takarda, ba na salula ba. Ka aika mata."

Ya yi sallama ya nufi tasha da sauri, don motar ta fara oda. Ta bi shi da kallo har ya wuce rumfar mai hoton, bai ko waiwaya ba.

* * *

Rana ta yi ja a kan duwatsu lokacin da Tabawa ta shigo gida. Dela na zaune bakin ɗakinta tana tsince wake da lalube, don yanar ido ta fara cin ganinta.

"An wanke?"

"An wanke, Inna."

"Miƙo in gani."

Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta karɓa ta gefe-gefe kamar mai karɓar ƙwai. Ta juya shi wajen sauran hasken rana, ta kawo shi dab da fuskarta. Ta ƙanƙance ido.

"La ilaha illallahu! Ga shi nan. Tabawa, ga yaron nan, ko talabijin ba a sa ba!"

Tabawa ta matso ta leƙa ta bayan kafaɗarta. Faifan ya zama madubi. Fuskar Dela ce a ciki, dishi-dishi, da ramammun kumatu da furfura a bakin ɗankwali.

"Ya rame," in ji tsohuwar, hawaye na bin tamojin fuskarta. "Dubi yadda yat tsuhwa. Ba su ba shi abinci can. In ya komo, ki riƙa dama mishi hura da nono mai kauri, kin ji?"

Gaskiya ta taso wa Tabawa har maƙogwaro. Ta dubi yadda yatsun tsohuwar ke shafa gefen faifan, ta haɗiye ta.

"Na ji, Inna."

Ta kwance lulluɓinta ta rataye a igiya, ta zuba gero a turmi, ta ɗauki taɓarya. A bayanta tsohuwar na ta yi wa ɗanta faɗan daɗewa, a hankali, don kada ya ji haushi ya ƙi dawowa.